Gudun fanfalaki: Yadda tunanin ɗan tsere ke ƙara masa gajiya ko rage masa ita a zafin Kuala Lumpur

Tun kafin a kira sallar asuba ake sallamar masu gudun fanfalaki daga dandalin Dataran Merdeka da ke tsakiyar Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Ana sammakon ne domin a ci rabin tafiya kafin rana ta ɗaga.

A shekaru da dama, hanyar tseren mai tsawon kilomita 42.195 takan hau babban titin DUKE, wanda ya ratsa ta yankin Sentul a arewacin birnin. Sentul tsohuwar unguwa ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa, wadda ta bunƙasa a kewayen babbar ma'aikatar gyaran jirage da Turawan mulkin mallaka suka gina a farkon ƙarni na 20.

A kan wannan titi da ake rufe wa motoci ranar tsere, babu cincirindon 'yan kallo masu tafi, babu inuwa, kuma hanyar a miƙe take har iya ganin ido. Ɗan tsere yakan rage daga shi sai numfashinsa da abin da zuciyarsa ke raya masa.

A irin wannan wuri ne tambayar da masana suka shafe kusan shekara 100 suna muhawara a kanta ke fitowa fili: idan mai gudu ya ce ya gaji, ƙafafunsa ne suka gaza, ko kuwa ƙwaƙwalwarsa ce ta yanke hukunci?

Me ya sa gudu a Kuala Lumpur ya fi wahala?

An fara gudanar da tseren birnin a tsarinsa na yanzu a 2009, ƙarƙashin tallafin bankin Standard Chartered, kuma dubun-dubatar mutane ne ke shiga rukunoninsa daban-daban.

Birnin yana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka ba shi da hunturu. Ko da tsakar dare, zafin ba ya yin ƙasa sosai da digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, da rana kuma yakan haura 32. Iskar garin cike take da laima duk shekara.

Wannan laima ita ce babbar matsala. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa yayin gudu zafi yake komawa, kuma hanyar da jiki ke fitar da shi ita ce gumi ya bushe a kan fata. Idan iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin ba ya bushewa. Sai dai ya jiƙa riga ya ɗiga ƙasa, jiki ya yi asarar ruwa ba tare da ya huce yadda ya kamata ba.

Nazarin sakamakon manyan tseren duniya ya nuna cewa an fi yin gudu mai sauri a yanayi mai sanyi, wajen digiri 10, kuma saurin yana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa.

Shi ya sa mazauna Sentul da maƙwabtanta da ke shirin tseren kan fita atisaye da duku-duku ko bayan faɗuwar rana, a wurare kamar lambun tafkin Titiwangsa da ke kusa da unguwar.

Daga ina gajiya ke tasowa?

A shekarun 1920, masanin Birtaniya A.V. Hill, wanda ya samu kyautar Nobel, ya bayyana jikin ɗan tsere tamkar inji. A fahimtarsa, akwai iyakar iskar oksijin da zuciya da huhu za su iya kai wa tsoka, kuma idan aka cimma iyakar, dole gudu ya ragu.

Akwai gaskiya mai yawa a cikin wannan bayani. Jiki yana adana sukari a tsoka da hanta, wanda masana ke kira gilaikojin, kuma yawansa bai wuce kalori 2,000 ba a jikin yawancin mutane. Gudun fanfalaki yana cin fiye da haka. Idan ajiyar ta yi ƙasa, yawanci bayan kilomita 30, ƙafafu kan yi nauyi, gudu ya karye farat ɗaya. 'Yan tsere na kiran wannan hali karo da bango.

Farfesa Barry Smyth na wata jami'a a Dublin da ke ƙasar Ireland ya yi nazarin sakamakon tsere sama da miliyan 4, ya wallafa a 2021 cewa kimanin kashi 28 cikin 100 na maza da kashi 17 cikin 100 na mata kan gamu da wannan karyewar gudu.

Sai dai bayanin inji ya bar wata tambaya a buɗe. Idan man ya ƙare da gaske, daga ina mutumin da ke jan ƙafa a kilomita 40 yake samo ƙarfin zabura da zarar ya hango layin kammalawa?

A ƙarshen shekarun 1990, Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ya kawo wata amsa. Ya ce ƙwaƙwalwa tana aiki kamar na'urar ƙayyade gudu da ake sanya wa motocin haya. Tana lura da zafin jiki, da sauran sukari, da nisan da ya rage, sannan ta rage yawan tsokar da ake sa wa aiki tun kafin a yi wa jiki lahani. A ra'ayinsa, jin gajiya gargaɗi ne da ke zuwa kafin haɗari.

Wani masani ɗan Italiya, Samuele Marcora, ya ɗauki wata hanyar. Shi a ganinsa, mutum yana tsayawa ne idan wahalar da yake ji ta zarce wahalar da ya shirya ɗauka. A 2010 shi da abokin aikinsa sun sa 'yan wasan rugby tuƙa keke har suka ce ba za su iya ci gaba ba. Nan take aka nemi su buga iyakar ƙarfinsu na daƙiƙa 5, sai suka fitar da kusan ninki uku na ƙarfin da suka ce sun kasa riƙewa.

Masana sun yi ta jayayya kan waɗannan ra'ayoyi, kuma har yanzu ba su zama baki ɗaya ba. Amma akwai inda aka fi haɗuwa: yadda mutum ke jin wahalar aiki shi ne ke jagorantar saurin da yake zaɓa. Tun tuni masanin Suwidin Gunnar Borg ya tsara ma'aunin wannan ji, daga 6 zuwa 20, wanda masu horarwa ke amfani da shi har yau.

Gajiyar ƙwaƙwalwa na sauka a ƙafa

A 2009, Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor da ke yankin Wales sun yi wani gwaji da ya yi suna. Mutum 16 sun tuƙa keke har ƙarfinsu ya ƙare sau biyu. A karo ɗaya sun fara da kallon fim na minti 90, a ɗayan kuma sun shafe minti 90 suna wani aikin kwamfuta mai cin hankali.

Bayan fim, sun jure na daƙiƙa 754 a matsakaici. Bayan aikin kwamfuta, daƙiƙa 640 kawai suka yi, wato raguwar kusan kashi 15 cikin 100.

Abin lura shi ne bugun zuciyarsu da numfashinsu ba su bambanta ba. Abin da ya sauya shi ne yadda suka ji nauyin aikin tun daga farko.

Wasu masu bincike da suka maimaita irin gwajin daga baya ba su samu tasiri mai girma haka ba, don haka ba a ɗaukar adadin a matsayin doka. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 2016 kuma ya nuna cewa ƙwararrun 'yan tseren keke sun fi masu yi don nishaɗi jure irin wannan gajiya.

Duk da haka, sakamakon ya shafi yawancin masu shiga tseren Kuala Lumpur, waɗanda ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwa. Wanda ya wuni a ofis, ya sha cunkoson motoci, sannan ya tashi ƙarfe 4 na dare domin ya riga rana, yana iya jin atisayen da ya saba ya yi masa nauyi alhali ƙarfin jikinsa bai ragu ba.

Wanda bai san haka ba yakan zaci ya koma baya, sai ya karaya ko ya ƙara wa kansa atisaye. Sau da yawa barci yake buƙata.

Ƙwaƙwalwa na hango zafi tun daga nesa

A 2004, Ross Tucker da abokan aikinsa a Cape Town sun sa 'yan tseren keke tafiyar kilomita 20 a ɗaki mai digiri 15, sannan a mai digiri 35. A cikin zafi, sun rage ƙarfi tun kafin zafin cikin jikinsu ya kai matakin haɗari.

Ma'anar wannan ita ce, raguwar gudun da ɗan tsere ke gani a kan titin DUKE ba lallai ragwanci ba ne. Jiki ne ke lissafin abin da zai faru nan da sa'a guda, yana neman a sassauta tun da wuri.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko tunani zai iya ɗaga wannan iyaka. Masu bincike a Jami'ar Brock da ke Kanada sun gwada hakan a wani aiki da suka wallafa a 2017. Sun horar da 'yan tseren keke na mako biyu kan yadda za su riƙa ƙarfafa wa kansu gwiwa da magana a cikin zafin digiri 35.

Lokacin da suka jure ya tashi daga kimanin minti 8 zuwa sama da minti 11. Amma sun kammala gwajin zafin cikin jikinsu ya ɗan fi na da.

Wannan sakamako na da fuska biyu. Ƙarfin zuciya yana ba mutum damar matsawa kusa da iyakarsa. Ba ya sanyaya masa jini.

Abin da mutum ke faɗa wa kansa

Kafin gwajin na Kanada, an yi makamancinsa a Bangor aka wallafa a 2014. Mutum 24 aka raba gida biyu. Waɗanda aka koya wa gajerun kalmomin ƙarfafa kai, suka yi amfani da su na mako biyu, sun ƙara juriya da kashi 18 cikin 100. Sauran ba su sauya ba.

Kalmomin ba wani sirri ba ne. Kowa ya zaɓi waɗanda suka dace da shi, wasu na farkon aiki, wasu na lokacin da wuya ta yi wuya. Abin da ya yi tasiri shi ne an tanade su tun kafin a buƙace su.

Ko yanayin fuska an auna. A 2018, Noel Brick na Jami'ar Ulster ya wallafa binciken da ya nuna cewa 'yan tsere 24 sun ci iskar oksijin ƙasa da kusan kashi 2.8 cikin 100 lokacin da suke murmushi, idan aka kwatanta da lokacin da suka murtuke fuska. Ana danganta hakan da sakin jiki.

Masu bibiyar wasanni sun daɗe da lura da murmushin da ɗan Kenya Eliud Kipchoge kan yi a ƙarshen tsere. Shi ne ya kammala nisan fanfalaki cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna ranar 12 ga Oktoban 2019, a wani shiri na musamman da ba a lissafa shi a matsayin tarihi na gasa ba.

Akwai kuma batun inda hankali ke komawa. Tun a 1977, masana biyu a Amurka, William Morgan da Michael Pollock, suka lura cewa manyan 'yan tsere kan sa hankalinsu a kan jikinsu, suna sauraron numfashi da taku. Waɗanda ba su kai su ba sun fi neman abin da zai ɗauke musu hankali daga wahala.

Ɗauke hankali da kiɗa ko hira yana sauƙaƙa doguwar tafiya ta atisaye. Amma a gari mai zafi da laima, wanda ya toshe kunnensa daga saƙon jikinsa yana iya rasa gargaɗin farko.

Agogo: aboki ko abokin gaba?

Wasu masana tattalin arziki a Amurka sun yi nazarin lokutan kammala tsere sama da miliyan 9. Sun gano cewa mutane kan taru dab da cikar sa'a 3, da 3 da rabi, da 4. Jiki bai san sa'a huɗu ba, ƙwaƙwalwa ce ta san ta. Burin da aka ɗaura wa lamba yana sa mutum ya tono ƙarfin da ya ɓoye.

Illar tana zuwa ne idan aka ɗauko burin daga wani yanayi. Wanda ya yi sa'a 4 a Berlin ko Tokyo cikin sanyi, ya nace sai ya maimaita a Kuala Lumpur, zai fara da saurin da jikinsa ba zai iya fitar da zafinsa ba.

Hanyar tseren ma ba ta yafe wa mai gaggawa. A shekaru da dama, bayan an sauko daga babban titi ana fuskantar hawan tudun Bukit Tunku a ɓangaren ƙarshe, daidai lokacin da rana ta fito wa yawancin masu gudu kuma ajiyar sukari ta yi ƙasa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan maganar lissafi ce.

Inda ƙarfin zuciya ke tsayawa

A watan Afrilun 2018, a gasar ƙasashen rainon Ingila da aka yi a Gold Coast ta Ostareliya, ɗan Scotland Callum Hawkins yana kan gaba da tazarar kusan minti 2 lokacin da zafi ya kayar da shi, saura kimanin kilomita 2 a gama. Ya miƙe ya ci gaba yana tangaɗi, ya sake faɗuwa, daga nan aka wuce da shi asibiti.

A gasar duniya ta 2019 a birnin Doha na Qatar, an fara tseren mata da tsakar dare domin kauce wa rana. Duk da haka zafin ya haura digiri 30 ga kuma laima. Cikin mata 68 da suka fara, 28 ba su kammala ba.

Babu wanda zai ce waɗannan 'yan wasa ba su da juriya. Likitocin wasanni ma na gargaɗin cewa masu tsananin naci su ne suka fi shiga haɗarin bugun zafi, domin su ne ke iya danne gargaɗin jiki.

Bugun zafi yana faruwa ne idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ya taɓa aikin ƙwaƙwalwa. Alamominsa sun haɗa da ruɗewa, da tangaɗi, da jiri, da magana marar kan gado, da suma. Yana iya lalata ƙoda da hanta, yana iya kisa. Matakin farko shi ne a sanyaya mutum nan take da ruwa mai ƙanƙara, kafin ma a ɗauke shi zuwa asibiti.

Haɗarin ya fi muni saboda sashen jikin da ya kamata ya ce a tsaya shi ne wanda zafin ke fara ruɗawa. Shi ya sa ake son a yanke shawarar lokacin tsayawa tun kafin a fara gudu.

Tsoron zafi ma yana da tasa illar. Wasu kan yi ta ɗurar ruwa fiye da kima har gishirin jininsu ya tsinke. Wani bincike kan tseren Boston na 2002 ya gano alamar hakan a jikin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada.

Su kansu masu shirya tseren Kuala Lumpur sun taɓa sallama wa yanayi. A 2013 sun ɗage shi daga Yuni zuwa Satumba, a 2015 kuma suka soke shi baki ɗaya, saboda hayaƙin gobarar daji da ke tasowa daga Indonesiya ya turnuke birnin.

Yadda ake horar da tunani tare da jiki

Daga waɗannan bincike, masu horarwa sun fitar da wasu darussa da ake aiki da su a lokacin atisaye.

Na farko shi ne koyon auna wahala. Ɗan tsere yakan yi wasu ranaku ba ya duba agogo, yana kimanta nauyin gudun da kansa, daga baya ya kwatanta da abin da agogon ya nuna. Da haka yake rarrabe wahalar da aka saba da alamar haɗari.

Na biyu shi ne sabo da zafi. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki a cikin zafi, ana ƙarawa a hankali. A wannan lokaci ruwan jini yana ƙaruwa, gumi yana fara fita da wuri, bugun zuciya yana sauka. Gudun da ya yi nauyi a makon farko sai ya yi sauƙi a na biyu.

Na uku shi ne rarraba tafiya. Maimakon tunanin kilomita 42, mai gudu yakan sa wa ransa isa wurin shan ruwa na gaba kawai.

Na huɗu shi ne tanadin kalmomi da gwada su a doguwar tafiyar ƙarshen mako, tare da abincin da za a ci a hanya.

Na biyar shi ne ajiye buri fiye da ɗaya: na ranar da komai ya yi daidai, da na ranar da zafi ya yi yawa, da na ƙarshe wanda shi ne a koma gida lafiya.

Na shida kuma shi ne barci da hutun ƙwaƙwalwa a kwanakin da ke gaban tsere.

Me wannan ke nufi ga 'yan tsere a Najeriya da Nijar?

Yanayin Kuala Lumpur ya fi kama da na Legas fiye da na Kano ko Maraɗi. Tseren fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, shi ma da sassafe ake tashinsa. A shekaru da dama, shi ma ya kasance da nasa dogon zango na kaɗaici a kan gadar Third Mainland mai tsawon sama da kilomita 11.

Matashin da ya yi atisayensa a sanyin hunturun Jos ko Zariya, inda iska ke busar da gumi nan take, zai tarar da wata duniya daban idan ya sauka a gaɓar teku. Saurin da ya saba zai yi masa nauyi, kuma zuciyarsa za ta iya raya masa cewa ya gaza.

A arewa kuwa, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, tarkon na daban ne. Gumi yana bushewa da sauri har mutum bai san yawan ruwan da ya rasa ba.

A ko'ina mai gudu yake, binciken ya nuna cewa tunani na iya rage nauyin da yake ji, ya ƙara masa mintuna na juriya. Amma ba ya ƙara sukari a tsoka, ba ya busar da gumi. Abin da ake horar da ɗan tsere a kai shi ne ya san lokacin da gajiya ke masa ƙarya, da lokacin da take faɗa masa gaskiya.